Ranar da Motar Abba Ta Sha Miyar Kuka

Makon jiya ne masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo da amalanke biyu da guduma, suka kwashe abin da ya rage na motar Abba. Tun babban ɗana yana rarrafe take tsugune a bayan gidanmu, ƙarƙashin dogon yaro, ba taya, ba gilashi, kaji na yin ƙwai a inda kujerar baya take a da. Yara ne suka matsa mini, wai suna son wurin su gina shago. Na yarda, amma na kafa sharaɗi: a yi aikin bi da bi, a fara da ƙofofi, sannan rufi, sannan inji, kada a hau ta da duka kamar an kama ɓarawo. Na ɗauko kujera na zauna ina kallo har suka gama. Abu ɗaya na hana su, shi ne murfin tukunyar ruwanta, wadda masu garaji ke ce wa radiyater. Yana gabana yanzu a kan tabarma, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wanda ya tashi yanzu da wuya ya gane irin motar da nake nufi. Kat-san-kat ce mai dogon baya, fara, da layin kujeru uku. A zamaninmu in aka ce gidan wane akwai mota, ba sai ka tambayi wace iri ba. Ita ce a ƙofar gidan likita, ita ce a ƙofar gidan mushen lekol, wato malamin makarantar boko, da ya daɗe a aiki, ita ce ke jigila tsakanin Damagaram da Mirriya ranar kasuwa, awaki ɗaure a samanta suna kuka. Akwai ƙanana masu ƙarar keken ɗinki da ƴan biro, ma'aikatan ofis, ke hawa, akwai masu buɗaɗɗen baya da aka lulluɓe da tampol, amma uwarsu duka ita ce wannan. Gari kuwa a lokacin shiru yake, har kana iya gane motar kowa da kukanta tun tana can bayan unguwar Birni. Tamu takan yi tari sau biyu kafin ta shigo lungu, da Iya ta ji sai ta ce a kawar da tabarmi, Malam ya dawo. Yau in ka tsaya bakin titi kabu-kabu ne ke wucewa kamar fari, kowane da hayaƙinsa, motocin kuma duk sun zama kama ɗaya, sumul kamar ƙwai, ba ka jin zuwansu sai sun kusa taka ka. In ɗaya ta lalace, mai gyara ma sai ya jona mata waya ya tambaye ta abin da ke damunta. Mu da kunne muke tambaya, kuma tana ba mu amsa.

Abba ɗan fatake ne. Kakanninmu daga Borno suka zo, shi kuma ya yi ƙuruciyarsa a bayan raƙuma, yana kai kanwa da dabino kudu, yana dawowa da goro da tufafi. Da gyaɗa ta yi daraja ya sayar da raƙuman ya koma awon gyaɗa, a cikin ribarta ne ya sayi motar a hannun wani ma'aikaci da aka ɗauke zuwa wani gari. Bai taɓa koyon tuƙi ba, bai kuma ga dalilin koya ba tunda yana da ɗa. Ni ne ɗan. Na yi lekol shekara shida, ina iya karanta takardar da jandarma ya miƙo, saboda haka ni aka tura na yi farmi, wato lasin tuƙi, tun gemu bai gama fito mini ba. Abba dai raƙumi ya sani, kuma kamar raƙumi ya riƙe motar. Ba ta tafiya da tsakar rana. Ba ta kwana a rana, sai an yi mata rumfar zana. In mun dawo daga hanya mai nisa yakan shafa mata hanci ya ce sannu. Maganarsa kullum ita ce, "Ba a yi wa abin hawa rowa. Wanda zai ɗauke ka, shi ke fara sha."

Aikina na safe yana da tsari, kuma har yau zan iya jero shi ido rufe. Na farko, bayan an fito masallaci, in zagaya ta sau ɗaya ina dukan tayoyi da dunduniya. Na biyu, in ɗaga murfin gaba, in zaro sandar baƙin mai, in goge, in mayar, in sake zarowa in duba. Na uku, ruwa. Na huɗu, in durƙusa in leƙa ƙasa in ga abin da ta zubar da dare, ko mai ne ko ruwa. Sai a na biyar ake taɓa makulli. In batir ya ƙi, ba a damuwa, don duk wanda ya fito sallar asuba a unguwarmu ya san yana da turi a wuyansa. Har liman ya taɓa naɗe rigarsa ya sa kafaɗa, yana turi yana cewa Allah ya sa ladan ya kai na jam'i.

Mutane na zaton kuɗin mota shi ne na ranar saye. Ranar saye sallama ce kawai aka yi, ba a ma zauna ba. Isansi yana nan kullum, wanda yaran yanzu ke ce wa fetur. Buji, wato fulogi, yana nan, sai an kwance an kankare da wuƙa an hura. Taya kuwa ƙayar aduwa ba ta ƙyale ta, akwai wani tubu namu da facinsa ya fi asalin robarsa yawa. Abba ba ya lissafin waɗannan da kuɗi, da dabba yake yi. In an ce sabuwar taya, sai ya ce rago ya tafi. In an ce batir, sai ya ce rago da akuya. Binyet, wato lampo, harajin mota na shekara, bai taɓa yin gardamarsa ba, ya ce ko raƙumi ai ana biya masa jangali. Asiransi, wato inshora, ita ce bai fahimta ba har ya bar duniya. Kowace shekara sai ya tambaye ni, "To, ɗan lekol, sake faɗa mini. Na biya su saboda hatsarin da bai faru ba. Bai faru ɗin ba. Ina kuɗina?" Amma fa ba a yar da komai. Tsohuwar taya ta zama takalma, tsohon tubu ya zama guga, baƙin man da aka juye a shafa wa azara saboda gara.

Abin da ya fi duk waɗannan ci shi ne jama'a. Motar gida ta unguwa ce. Mai naƙuda, amarya, mahajjaci, marar lafiya, gawa, duk ƙofarmu ake bugawa, kuma abin kunya ne a ce wa maƙwabci ya sayi mai. Wani ya kawo goro biyu, wata ta aiko ƙwan zabi, mafi yawa addu'a suke bari. Iya takan ce, "Malam, addu'ar nan tana da kyau, sai dai ban ga tana shiga tanki ba." Shi kuma ya ce mata ba ta san inda take shiga ba ne.

Sai shekarun fari suka zo. Ba zan tsaya a kansu da yawa ba, wanda ya gani ya gani. Gyaɗa ta ƙare, ma'aunin Abba ya yi tsatsa a zaure, mutanen arewa suka sauka a bakin gari da ƴan tabarminsu, muka koyi cin jar dawar taimako da ba mu san ƙasar da ta fito ba. Damagaram dama gari ne na dutse, ko a shekarar albarka ruwa sai da dabara, balle a lokacin. Garwaye kan yi layi a bakin famfo tun jiya don gobe, kowa ya san tasa da alamar da ya ɗaura mata. Iya ta kafa wa ruwan gidanmu doka. Sha ne farko, sai girki, sai alwala, sai wankan jarirai, abin da aka yi wanki da shi kuma na awaki ne. A daidai wannan lokacin ne motar ta ga damar fara yoyo. Da fari buta ɗaya take sha da safe, daga baya ta koma biyu. Iya ta ce, "Malam, wannan baƙuwar taka ta fi surukai shan ruwa, kuma ba ta san ranar komawa ba." Abba kuwa ruwan wankansa ya raba biyu, rabi nasa, rabi nata.

Yanzu sai maganar iri, don a kanta komai ya rataya. Muna da gonar gado a Garagumsa, ƙanen Abba ne ke noma ta, muna ce masa Baba Ƙarami. Geron da ake shukawa a gonar irin gidanmu ne, kakanmu ya zo da shi, gajeren kai gare shi amma yana saurin nuna, ba a samun sa a kasuwa. Da yunwa ta yi tsanani, Baba Ƙarami ya ɗauko zangarniyar da ya ware ta iri ya kawo birni da kansa. Ya ce wa Abba, "Yaya, ɓoye mini wannan. In yana gabana yara na kuka, wallahi sussuka shi zan yi." Aka rataye shi a ɗakin Iya, ba wanda ya taɓa ko da ranar da muka kwana da kunun dusa. Sharaɗin shi ne, duk ranar da ruwan shuka ya sauka a can, mu kai masa a ranar. A ƙasa mai yashi, cikin irin wannan zafi, danshin ruwan farko kwana ɗaya ne zuwa biyu. Wanda ya makara sai ya jira wani ruwan, kuma a shekarun nan ba wanda ya san ko akwai wani.

Wata safiya wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya a ƙofarmu, bai ko kashe inji ba, ya ce an ce ya faɗa mana jiya da la'asar an yi ruwa a Garagumsa, danshi ya kai wuyan hannu. Nan take gida ya ɗau motsi. Iya da mata suka sauke zangarniya suka hau sussuka. Gwaggo, yayar Abba, wadda ta zo jinyar ido ta zauna wurinmu wata biyu, ta ɗaure kayanta ta ce ba za a yi shuka ba ita ba. Ni kuma da na kai ga mataki na huɗu na durƙusa, sai na ga ƙasa jiƙe sharkaf. Yoyon ya buɗe. Muka lallaɓa zuwa garaji.

Mai garajin wani gajere ne mai hannu kamar gawayi. Ya leƙa, ya tsotsi haƙori, ya ce, "Baba, wannan sai an kwance an like da dalma. Kwana biyu."

Abba ya ce, "Kwana biyu ƙasa ta bushe. Faɗi wata maganar."

"To, akwai dabarar ƴan kamyo. Garin kuka, cokali ɗaya, ƙaramin nan na shayi. A zuba cikin ruwan, in ta ɗau zafi zai bi ya toshe ramin. Ɗaya fa, Baba. Zai kai ku ya dawo da ku."

Da muka koma gida Abba ya aika a kawo kuka da cokali. Aka kawo ƙoƙo cike. Ya ɗaga cokalin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Wannan ko jariri aka ba ai an raina shi. Yaron nan bai san tafiya ba, bai taɓa wuce Mirriya ba. Raƙumi in zai yi doguwar hanya da hannu biyu ake ba shi kanwa. A kawo ludayi." Aka kawo. Ya cika shi ya juye, ya ce na zuwa. Ya sake cikawa ya juye, ya ce na dawowa. Ya ɗan tsaya ya dubi Gwaggo da ke ƙoƙarin shiga baya da ƙunshinta, ya ƙara rabi. Na ji da kunnena an ce ɗaya. Na buɗe baki, na ga maƙwabta tsaye suna mana Allah ya kiyaye hanya, na rufe. A lokacinmu ɗa ba ya gyara wa uba magana a gaban mutane.

Da fari abin ya yi kyau har na fara zargin kaina. Na tsaya a bakin gari na leƙa, ko ɗigo babu. Abba ya gyara zama ya ce, "Ka gani, ɗan lekol? Akwai karatun da ba a yi a benci." Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya fara shigowa ta taga, abin da muka yi wata da watanni ba mu shaƙa ba. Ko tabki ɗaya bai kwanta ba, ƙasa ta shanye komai, amma hagu da dama mutane ne a gonaki, mai sungumi a gaba yana sara, na baya suna jefa iri suna rufewa da dunduniya. Wasu gonakin kuma ba kowa, masu su sun cinye irinsu. Mun wuce Tirmini da kaɗan sai na ga allurar zafi tana hawa. Na rage gudu. Daga baya Gwaggo ta ja hanci sau biyu ta ce, "Wa ya ɗora miya a dajin nan?" Ba ta rufe baki ba tururi ya turnuƙe gabanmu.

Na kashe, na jira, na naɗe hannu da tsumma na murɗa murfin nan a hankali. Abin da ya biyo bayansa kore ne shar, mai kauri, yana tafasa yana yauƙi, ya malalo ta kan inji har ƙasa. Gwaggo ta sauko, ta tsinci kara ta tsoma, ta ɗaga tana kallon yadda yake zarewa. Ta ce, "Ta yi. Gishiri da daddawa kawai ta rasa. Malam, da ka faɗa mini da na taho da tuwo." Ita kaɗai ce a duniya ke iya yi wa Abba haka. Shi bai yi dariya ba. Ya taka cikin gonar da ke gefen hanya, ya durƙusa ya tona da hannu. Saman ya riga ya bushe kamar yatsa biyu, ga shi hantsi ne kawai. Buhun iri yana kwance a baya, ruwan da ke tare da mu kuwa bido ɗaya ne, wato jarka, na sha, ga tukunyar mota sai an wanke ta tas kafin ta sake motsi.

Can nesa na hango wani sa mai jan guga yana tafiya yana dawowa a kan layi ɗaya, na san rijiya ce. Muka bar Gwaggo da kaya muka taka. Rijiya ce mai zurfi, mata sun jera tuluna, awaki na jira a gefe, mai san kuma wani tsohon Bafulatani ne dogo da malafa. San ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Dokar rijiya a lokacin kowa ya san ta: baƙo in ƙishi ya kawo shi, a ba shi ya sha nan take, amma ɗiba sai ya bi layi, bayan mata, bayan dabbobi. Layin nan kuwa zai kai la'asar.

Tsohon ya dubi zanen da ke fuskar Abba, sai ya saki igiya ya tafa hannu. Ya ce, "A'a! Yau ga bawana ya zo gaishe ni, kuma da ƙafa. Kai Babarbare, ina raƙumin? Ka cinye?"

Abba ya ce, "Rufe mana baki, Bafillace. Ubangidanka ne ya zo ƙirga shanunsa. Ina sauran?"

Tsohon ya nuna san da haɓa ya ce, "Ga su nan duka. Fari ya riga ka ƙirgawa."

Ga wanda bai sani ba, Barebari da Fulani abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Ko ba su taɓa ganin juna ba, zagi a tsakaninsu gaisuwa ce, ba a fushi, kuma ɗaya ba ya hana ɗaya abin da ya sa wa hannu. Abba ya faɗa masa abin da ya kawo mu, bai ɓoye ludayi biyu da rabi ba. Tsohon ya yi dariya har ya dafa san. Ya juya ya ce, "Mata, ku yi haƙuri da layinku, bawana ya yi ɓarna. Mun sha jin Babarbare da son miya, ashe har dabbarsa yake dafa wa. Ku zo mu gani, irin wannan ba a ba da labarinsa." Ya kwance san daga igiyar guga, matan suka bar tuluna suka biyo mu. Aka ɗaura igiya a gaban motar, sa na ja, mata na turi suna shewa, Gwaggo a zaune ciki kamar amarya tana ba da umurni, ni ina riƙe da sitiyari ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Haka muka isa bakin rijiya.

Daga nan na karɓi aikin, kuma na yi shi a jere. Na kwance tiyon ƙasa miyar ta zube, awaki suka rufar mata tun ba ta huce ba. Na mayar, aka cika, na tayar da inji kaɗan, na kashe, na sake kwancewa. Guga bayan guga, san nan yana zuwa yana dawowa, ruwan na fitowa kore, ya koma ruwan ganye, har ya fito fari. Ko ɗigo ba a bari ya tafi banza ba, kwano aka tara aka juye wa dabbobi. Da aka zo toshe yoyon, Gwaggo ta ture mu duka. Ta ɗebi kuka da yatsa uku daga ƙullinta, ta kaɗa a ƙoƙo da ruwa, ta zuba. Ta ce, "Kuka ba a jibga ta. Barbaɗawa ake, ana kaɗawa. Da kuna shiga madafa da kun sani."

Abba ya sa hannu aljihu. Tsohon ya ɓata fuska ya ce, "Kuɗi? In ci, ko in shuka?" Ashe tun ɗazu idonsa na kan buhun. Ya zagaya ya ɗora hannu a kai, ya murza, ya gane abin da ke ciki. Ya ce, "Na share wani kwari can, inda garkena ke kwana a da. Ruwa ya sauka, ba ni da ko ƙwaya. Ban taɓa roƙon Babarbare ba, ba kuwa yau zan fara ba. Ɗauka zan yi." Ya cire malafarsa ya tara.

Abba ya ce, "Amana ce, ta ƙanena."

Gwaggo ta ce, "Amanar da ba don sansa ba a daji za ta kwana."

Abba ya kwance bakin buhu ya cika malafar. Tsohon ya juye a gefen rigarsa. Abba ya sake cikawa. Wannan karon na matsa kusa da kunnensa na ce, "Abba, gefen arewa na gonar ba zai samu ba." Ya ce, "Na sani." Sannan ya ɗaga murya ya ce wa tsohon, "Ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa. Kada ka dafa, na san halinku."

Mun isa Garagumsa ana kiran azahar. Baba Ƙarami yana tsaye bakin hanya da sungumi a kafaɗa tun safe. Bai tsaya gaisuwa ba, ya tona ƙasa, ya damƙa, ta dunƙule a hannunsa, ya ce alhamdu lillahi, da sauranta. Kowa ya shiga gona. Abba ya naɗe babbar riga ya bi layi yana jefawa yana takewa, ni ina bayansa, Gwaggo da idonta ɗaya a ɗaure tana gyara mana rami. Kafin rana ta faɗi iri ya ƙare, gefen arewa kuwa ya tsaya fili. Da Baba Ƙarami ya ji dalili bai ce wa yayansa komai ba, ni ya ja gefe ya ce, "Na san mota na cin mai da ruwa. Yau na ji tana cin iri."

Gero ya tsiro, ya yi kyau, aka yi noman farko. Yana fara ciki ruwa ya ɗauke a wajen Garagumsa, ya ƙi dawowa. Abin da aka yanka da kaka kawuna ne marasa ƙwaya, ɗan abin da aka samu bai kai a ware iri ba, kuma ko an ware ba zai tsiro ba. Irin kakanmu ya ƙare a hannunmu. Abba ya yi kwanaki ba ya zama zaure, ba ya ko leƙa rumfar mota.

Wata ranar Alhamis da hantsi muka ji hayaniya a lungu. Na fita na ga san nan, ya ɗan yi nama, da dami biyu a bayansa, tsohon na gaba, rabin unguwa na biye da shi. Ashe tun daga bakin kasuwa yake tambaya da ƙarfi, ina gidan Babarbaren da ke dafa miya a mota. Abin da muka ɓoye wata huɗu, kafin azahar har unguwar Zango an ji. Kwarinsa ya riƙe danshi, geron kuma mai saurin nuna ne, ya kai. Ya zaɓo manyan kawuna zalla ya ɗaure. Abba ya fito, ya zaro zangarniya ɗaya, ya juya ta a hannu, ya gane gajeren kan nan. Ya buɗe baki zai yi godiya.

Tsohon ya ce, "Kada ka yi mini kuka a nan, bawa. Ba naka ba ne, na motar ne, ita ta sha ruwana. Ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa. Yanzu a buɗe mini gaba in zauna, ban taɓa shiga ba. Kai ka koma baya wurin kaya."

Haka aka yi. Na zagaya da shi gari sau biyu, yana gaba da malafarsa yana ɗaga wa mutane hannu, Abba na baya yana zaginsa yana dariya. Isansin ranar Iya ce da kanta ta ce a saya.

Wannan irin ne aka kai Garagumsa da ruwan shekara mai zuwa, kuma jikokin Baba Ƙarami shi suke shukawa har yau. Motar ta yi mana wasu shekaru bayan haka, har kayan gyaranta suka fara wuya, Abba kuma ya rasu, na kai ta ƙarƙashin dogon yaro na ce ta huta. Ni dai tun daga ranar in an ce mini cokali ɗaya, ɗaya nake zubawa, ko magani ne ko siminti, kuma in na ga babba zai yi kuskure nakan matsa kusa da kunnensa tun kafin ya ɗaga ludayi. Jikokina na cewa na cika tsanani. Ba su ga abin da na gani ba.

Da masu ƙarafan nan suka fasa tukunyar ruwan, babbansu ya leƙa ciki ya kankaro wani abu busasshe da farce, kore-kore, ya ce, "Baba, wannan kuma wace irin tsatsa ce?"

Na ce masa miya ce. Ya yi dariya ya jefa a amalanke, yana zaton wasa nake.